Binciken Gwaggo Saratu

Ranar wata Talata ce da hantsi, ruwan safe ya ɗauke ke nan, Kailani yana duƙe yana goge wata ƙofa a shagonsa na kafinta da ke Tudun Wada, sai ya ji sallama a bayansa. Ya amsa bai ɗago ba, don a zatonsa cikin matan layin ne masu kawo kujerar tsugunno a buga mata ƙusa.

"Malam, allo nake so a yi mini."

Ya ɗago. Wata doguwar budurwa ce cikin hijabi ruwan toka, sanye da tabarau, ta rataya jakar da littattafai suka kusa tsinka mata hannu. Gefen hijabin duk farin alli ne. Kailani mutum ne mai baki, kaf layin an shaide shi da surutu, amma ranar sai da ya nemi magana ya rasa.

"Allon karatun Alƙur'ani?" ya tambaya da ƙyar.

"Na bango. Baƙi, irin na makarantar firamare."

"Ai yanzu fari ake yayi, Hajiya, wanda ake rubutu a kai da alƙalamin maka."

"Maka ƙarewa take yi ana tsakiyar tunani," ta ce. "Alli kuwa ko ya karye bai daina rubutu ba."

Biyu take so, babba na ɗaki da ƙarami wanda za ta iya ɗauka. Kailani ya auna, ya ce sai an sa fallen katako biyu. Ta tambayi tsawon falle da faɗinsa, ta ɗauki fensir a kan teburinsa, ta ja layi huɗu a bayan wani guntun katako. Allunan biyu suka fito daga falle ɗaya, har da ragowar da za a yi wurin ajiye alli.

Shekara tara yana yankan katako. Ya duba zanen, ya sake dubawa, ya auna da tef, bai sami ko yatsa ɗaya na kuskure ba.

"Wace sana'a kike yi, don Allah?"

"Ɗaliba ce. Lissafi nake karantawa, ina ajin ƙarshe."

"To, Farfesa, wa za a ce ya ba da aikin?"

Ta yi murmushi a karo na farko. "Hanifa. Gidan Malam Nagoda, ta wajen Gyallesu."

Aikin kwana biyu ne. Kailani ya yi shi a kwana biyar, ya shafa fenti sau uku, sannan ya ɗauka da kansa ya kai, sanye da shaddar da ba ya fita da ita sai ranar Juma'a.

Daga nan ƙafarsa ta saba da ƙofar gidan. Duk Asabar bayan la'asar yakan zo, a shimfiɗa masa darduma a zaure, ita ta zauna a bakin ƙofar ciki. A nan ya ji labarinta. Shekara uku ta yi a Khartoum tana karanta lissafi, tana hango ƙarshe yaƙi ya ɓarke. Ta baro littattafanta da kayanta, ta fito da jaka ɗaya, suka yi kwanaki a bakin iyaka kafin a kwaso su. Da ta nemi sauyin makaranta aka karɓe ta a jami'a nan Zariya, aji biyu aka mayar da ita. Ƙawayenta na sakandare sun gama hidimar ƙasa, wasu da goyo, ita kuma tana nan tana tare bas ɗin Samaru, inda jami'ar take, kowace safiya.

"Ba ki taɓa cewa kin haƙura ba?" ya tambaye ta.

"Na ce. Sau biyu. Sai na kwanta na ga lissafin bai haƙura da ni ba."

Kailani bai gane ko kashi ɗaya cikin goma na abin da take karantawa ba, kuma bai taɓa yin kamar ya gane ba. Abin da ya sani shi ne, idan tana bayanin wani abu da ta warware, fuskarta takan canza, hannunta ya riƙa zana layi a iska, har ta manta da kunyar da take ji. Don wannan kaɗai yakan yi mata tambayar da ya san ba zai fahimci amsarta ba. Yana sonta, kuma yana ganin girmanta, ya rasa wanne ya fi yawa.

Wata safiya ya tura mata saƙo: "Farfesata, yau na yanka katako yadda kika koya mini, maigidan aikin ya ce ina da basira. Na karɓi yabon, ban ce masa komai ba. Ki yafe mini."

Ta amsa tana cikin bas: "Na yafe, Injiniyana. Amma ka daina sa sunana a bakinka kana riƙe da zarto. Ina son yatsunka goma cif."

Da ya je gaban Malam Nagoda, tsohon malamin makaranta ne mai farin gemu da taƙaita magana, bai ja shi da nisa ba.

"Na tambaya a kanka, ban ji sharri ba. Manyanka su zo. Amma ka sani, babu ɗaurin aure sai na ga sunanta cikin waɗanda suka gama. Yarinyar nan ta sha wahalar karatun nan fiye da yadda kake zato."

"Na amince, Baba. Ko ba ka faɗa ba, ni ma haka nake so."

Aka sa ranar da manya za su je. Saura abu ɗaya, wato bincike, kuma a danginsu Kailani idan aka ce bincike, Gwaggo Saratu ake nufi. Ƙanwar mahaifinsa ce, tana zaune a Hanwa, kuma tana alfahari da cewa ita ba ta tambayar maƙwabta, don maƙwabci ko ya rufa ko ya ƙara. Da ƙafarta take zuwa, da idonta take gani. Aure uku ta taɓa hanawa, kuma takan lissafa su a wurin biki kamar lambobin yabo. Abin da kowa ya sani ba a faɗa shi ne, ta daɗe tana yi wa 'yarta Sumaiya sha'awar Kailani. Sumaiya kuwa a shekarar ta shiga ajin farko a jami'ar.

Gwaggo ta yafa mayafi ta hau bas har Samaru. Da yamma ta sauka a gidan Hajiya Ishatu, mahaifiyar Kailani, ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kira shi.

"Aji nawa yarinyar nan ta ce maka take?"

"Ajin ƙarshe, Gwaggo."

"To, na gan ta. Na tsaya a bakin taga na gan ta zaune a benci cikin yara sa'o'in Sumaiya, tana rubuta sunanta a takardar da ake zagayawa. Na tari ɗalibi uku daban-daban na ce wane aji ne wannan, kowa ya ce ajin farko." Ta juya ga 'yarta da ta biyo ta, tana rakuɓe a bakin ƙofa. "Ke, ajinku ɗaya ko ba ɗaya ba?"

Sumaiya ta sunkuyar da kai. "Muna shiga lacca tare."

"Kun ji. Mai shekara ashirin da shida a ajin farko. Wa ya sani ma ko korarta aka yi daga can, aka laƙa wa yaƙi."

Hajiya Ishatu mace ce mai sanyi, ita ta riƙe 'ya'yanta biyar bayan rasuwar mijinta, kuma tana iya yafe kusan komai ban da ƙarya. Ta juya ga Kailani.

"Auta, ajin farko ba abin kunya ba ne. Da ta faɗa, da mun jira ta ko shekara nawa ne. Amma wadda ta fara da ɓoye maka wannan, ban san me za ta ɓoye gobe ba. A gaya wa kawunnanka su dakata."

Kafin kwana biyu maganar ta zagaya gidajen dangi, ta tsallaka har Gyallesu. A nan ne Kailani ya yi wautar da har yau idan ya tuna yakan rufe fuska. Maimakon ya wanke ƙafa ya je, sai ya ɗauki waya ya rubuta: "Hanifa, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Aji nawa kike?"

Sai bayan azahar amsa ta zo. "Wata bakwai kana zuwa ƙofar gidanmu. Idan har wannan tambayar tana ranka, ka bari sai na gama jarrabawa. Yanzu ba ni da ƙarfin karatu da kuka a lokaci ɗaya."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya je ranar Asabar, aka ce tana karatu, ba a shimfiɗa darduma ba.

Mako uku ya yi a haka. Ya rame, surutunsa ya ɗauke, har masu shagunan kusa suka fara tambayar ko zazzaɓi yake. Ya haɗa wani teburin cin abinci da ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, abin da ko a shekararsa ta farko bai yi ba. Tsoronsa ɗaya ne, kada ya zama shi ne zai sa ta faɗi jarrabawar da ta yi shekara bakwai tana bi, ya rasa ta, ita ma ta rasa digirin.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, dangi suka taru a gidan Hajiya Ishatu cin dambu kamar yadda aka saba. Gwaggo tana cikin ba da labarin yadda ta tsaya a bakin taga, karo na ba adadi, sai Sumaiya ta ajiye cokali.

"Inna, ina da magana."

"Faɗi, 'yar nan," Hajiya ta ce.

"Anti Hanifa a ajin ƙarshe take. Kwas ɗaya ne kawai take shiga da mu."

Gwaggo ta harare ta. "Ke, wa ya sa bakinki?"

"Umma, ki yi haƙuri, na kasa barci." Ta juya ga Hajiya. "Takardar sakamakon da aka aiko mata daga Sudan, babu kwas ɗaya na ajin farko a ciki. Ta yi shi a can, ta ci, amma ba wanda za a tambaya yanzu. Doka kuma ta ce sai an ga sakamakon kowane kwas kafin a ba mutum digiri. Shi ne take maimaitawa. Malaminmu ma idan muka kasa gane abu, ita yake miƙa wa alli ya ce ta hau ta nuna mana."

Ta buɗe wayarta ta miƙa wa Kailani hoton wata takarda da aka liƙa a allon sanarwa, jerin ɗaliban da za su kare kundin kammala digiri. Sunan Hanifa ne na uku.

"Tun yaushe kika san wannan?" Hajiya ta tambaya.

"Tun ranar da Umma ta je." Sumaiya ta saci kallon Kailani, ta mayar da kai ƙasa. "Na yi shiru ne don son zuciya."

Ta ci gaba.

"Na faɗi gwajin farko warwas. Duk Alhamis takan tara mu a gindin bishiya ta koya mana, ni kuma sai in ɓuya a baya don kada ta gan ni. Bayan abin nan ya faru da kwana huɗu, ta kira sunana. Ta ce, ke ce ƙanwar Kailani ko, zo ki zauna kusa da ni. Na ɗauka zagi zan sha. Ta buɗe littafina ta ce in nuna mata inda na fara ɓata. Sau huɗu ta maimaita mini abu ɗaya ba ta ɗaga murya ba. Har yau ba ta tayar da maganar ba, ko da wasa." Hawaye suka zubo mata. "Ni ban kai ta ba, Yaya. Ban ma kama hanya ba."

Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce ita dai abin da idonta ya gani ta faɗa. Gaskiya ne kuwa, idonta bai yi ƙarya ba, tambaya ɗaya ce kawai ta ƙi yi wa mai abin.

Hajiya Ishatu ta jawo Sumaiya jikinta ta share mata fuska da gefen zane. Sannan ta dubi ɗanta.

"Auta, ka je ka ba ta haƙuri, naka laifin daban ne. Kawunnanka su shirya. Tawa maganar kuma ni zan yi ta da bakina."

Bai tura saƙo ba a wannan karon, ya koyi hankali. Ya tambayi Sumaiya ranar jarrabawar ƙarshe, ya rufe shago tun azahar, ya je ya tsaya a Agoro inda take sauka. Aka fara yayyafi, ya ƙi matsawa. Bas na shida ne ya sauke ta. Ta gan shi, ta tsaya, jakar nan tana rataye a kafaɗarta.

"Yaya jarrabawa, Farfesa?"

"Alhamdulillahi."

"Na zo ne in ce na yi kuskure. Ba ni da hujja ko ɗaya. Na san ki, amma na bari maganar wani ta fi abin da na sani nauyi."

Ta dube shi, rigarsa ta jiƙe ta manne masa a kafaɗa. "Ka san abin da ya fi yi mini ciwo? Da ƙafarka ka kawo mini allo, amma wannan tambayar a waya ka turo ta."

"Tsoro ne ya hana ni zuwa."

Suka fara takawa a gefen titi, tsakaninsu da tazara, 'yan acaba suna wucewa suna watsa ruwa. Sai da suka kusa kwanar gidansu ya yi ƙarfin hali.

"Me ya sa ba ki gaya mini zancen kwas ɗin ba?"

Ta gyara jakar a kafaɗarta.

"Kunya," ta ce. "Tun da na dawo, kowa kallon tausayi yake mini. Kai kaɗai kake kallona kamar na fi kowa. Ban so ka hango ni a benci ɗaya da yaran da na girme da shekara bakwai, ina koyon abin da na ci tun ina 'yar sha tara. Nan nawa laifin yake."

"Hanifa, da na sani, da girmanki ya ƙaru a idona. Ni ko ƙofa aka ce in sake, sai na yi kwana biyu ina fushi. Ke shekara biyu aka ɗebe miki, aka ƙara da wannan, kika zauna kika yi, har kina koya wa wasu."

Ta cire tabarau tana gogewa, ta ce ruwan sama ne ya shigar mata ido. Bai musa ba.

Da magariba saƙonta ya shigo: "Injiniyana, ka sha magani kada mura ta kama ka. Ranar Asabar akwai darduma."

Manya suka je, Malam Nagoda ya karɓe su da mutunci, amma bai sassauta sharaɗinsa ba. Wata biyu aka yi ana jira. Ranar da sakamako ya fito, Kailani yana zaure, Hanifa ta kawo wa mahaifinta wayarta. Tsohon ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa a hankali, ya karanta sunanta da darajar farko da ke gabansa, ya sake karantawa. Ya miƙe ya fuskanci gabas ya yi sujada a kan dandamalin siminti. Da ya ɗago gemunsa a jiƙe yake.

"Ka gaya wa kawunnanka su zaɓi Asabar ɗin da ta yi musu," ya ce.

An ɗaura aure da hantsi a masallacin unguwa, kafintocin Tudun Wada suka cika sahu biyu. Bayan la'asar aka kawo amarya gidan Hajiya Ishatu. Tsakar gida ta cika da mata, Sumaiya ce riƙe da hannun amarya, Gwaggo Saratu kuwa ita ta fi kowa kai da kawo, tana gaya wa baƙi cewa tun farko ta ga alamar ilimi a tare da yarinyar.

Aka zaunar da Hanifa a kan tabarma gaban uwar mijinta, kanta a lulluɓe. Kailani yana tsaye a bakin zaure da abokansa, yana jiyo komai. An zaci Hajiya za ta yi nasihar da aka saba, ta haƙuri da biyayya. Sai ta sauko daga kujerarta ta zauna a tabarmar, gwiwa da gwiwa da surukarta, ta ɗaga hannu aka yi tsit.

"Duk wadda ta ji an ce yarinyar nan ta yi ƙarya, daga gidan nan maganar ta fita, to yau a gidan nan za a janye ta. Ba ta yi ƙarya ba. Ni ce na yanke hukunci ban ji ta bakinta ba." Ta kama hannun Hanifa mai lalle ta riƙe da hannu biyu. "'Yata, an ba ki jarrabawa ɗaya sau biyu, kin ci duka biyun. Ni sau ɗaya aka gwada ni a kanki, na faɗi. Ki yafe mini."

Hanifa ta kifa kanta a cinyar tsohuwar, tana kuka. "Inna, don Allah ki daina. Ban riƙe ki da komai ba."

"To, Allah Ya yi miki albarka. Ya sa albarka a karatunki da aurenki, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ya sa yadda kika yi haƙuri da 'ya'yan mutane, a yi haƙuri da naki."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi. A bakin zaure, Kailani ya juya wa abokansa baya yana share ido da hannun babbar riga, yana cewa amin a hankali har bayan kowa ya yi shiru.